Ranar da Inna Ta Kira Sunana a Kasuwa

Duk wanda ya bi ƙauyukan da ke tsakanin Tasawa da Mayahi, ya tsaya bakin rijiya ya kira sunana, sai ya ga mata sun waiwayo ta ko'ina, tsofaffi da masu goyo da 'yan mata. Yau sunan ya zama ruwan dare, har tunkiya na ji an laƙaba wa. Amma ni aka fara raɗa wa shi a ƙasar nan, kuma ranar da aka raɗa shi mutum ɗaya ce tak ta san yadda ake faɗinsa, ita kuwa al'ada ta ɗaure mata baki. Ni ma ba zan faɗe shi a nan ba, don sunan kakata ne, kuma ko na so ban iya ba.

A Kona aka haife ni, tun Nasara bai shigo ƙasar ba. Baba manomi ne, in rani ya yi yana tufka igiya ya kai kasuwa. Inna kuwa ba 'yar Kona ba ce, ko da yake ba mai ganewa sai wanda ya dubi hancinta da tsawon wuyanta. Ɗiyar Buzaye ce makiyaya, daga can arewa gaba da Isawan. A wata shekarar yunwa, tana ƙarama ko famfara ba ta gama ba, iyayenta suka bar ta amana gidan wani manomi da suka saba sauka wurinsa. Suka ce za su kai ragowar dabbobinsu inda aka ce an sami ruwa, in kaka ta yi su dawo su ɗauke ta. Kaka ta yi, ba su zo ba. Kafin wata kakar rijiyar ƙauyen ta ƙafe, mutane suka watse, manomin ya kwashi iyalinsa har da ita ya gangaro kudu, ya yada zango a Kona. Nan ta girma, nan aka yi mata aure, yarensu ya ɓace mata sarai. Abu biyu suka rage mata daga gidansu: sunan uwarta, da hannun wanta na hagu, wanda igiyar guga ta tsinke wa ɗan ƙaramin yatsa.

Tambaya ɗaya ta ci mata rai tun daga ƙuruciya: sun dawo nemanta, ko kuwa tun farko yar da ita suka yi don baki ya ragu? Ba wanda za ta tambaya. Ba ta san inda za ta nufa ba, kuma ko ta je ba ta da harshen tambaya. Da ta sami cikina sai ta yi dabarar wanda ba shi da ɗan aike. Ta ƙudura in mace ce a sa mata sunan uwarta, suna ne da babu irinsa a bakin Hausawa. Buzaye suna saukowa kowace kaka da gishiri da kanwa su koma da gero. Wata rana wani nata zai ji an kira yarinya da shi a kasuwa, ya tsaya ya tambayi ɗiyar wa ce. Duk wannan sai da na girma na sani.

Inda dabarar ta yi tuntuɓe shi ne kara. Yaran yanzu ba su san kara ba yadda muka san ta. A zamaninmu mace ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na surukanta, ba ta faɗin na uwarta, balle na ɗan fari, wanda ko kallonsa ba a yi gaban mutane. Ni kuwa na haɗa biyu, ga ni ɗiyar fari, ga ni da sunan uwa. Saboda haka sau ɗaya Inna ta furta shi kafin a haife ni. Ranar da za ta tafi goyon ciki gidan mariƙinta, ta juya fuska ga dangar ɗaki, ta faɗa wa Baba ƙasa-ƙasa, ta fita da sauri kamar wadda ta yi sata.

Baba, Allah ya ji ƙansa, mutumin kirki ne, amma kunnensa na manomi ne. Sunan yana da wani sauti a tsakiya da ake ɗaukowa daga can cikin maƙogwaro. Baba ya yi ta juya shi a bakinsa yana noma, har sautin ya faɗi wani wuri cikin kunya bai sani ba. Ranar suna ya raɗa wa liman abin da ya rage. Liman ya ce wannan ba ya cikin littafi, don haka zai yanka rago da sunan littafi, wannan kuwa a riƙa kiran yarinya da shi in ana so. Ya ɗan gyara shi ya yi masa ƙamshin Larabci, ya miƙa wa sanƙira. Sanƙira kuwa, da yake da murya yake ci, ya ja ƙarshensa ya yi masa jela, ya kwarara wa gari. Inna tana ɗaki tana jin abin da aka mayar da sunan uwarta, ba halin ta leƙo ta ce ba haka ba ne. Ta fashe da kuka. Mata suka ɗauka tausayin askar wanzami a kaina ne, suka yi ta yi mata dariya, wai ga wadda ta kasa kara tun ranar farko.

Da sunan ya tsaya a kaina ni kaɗai, da ko a gurguje ya yi aikinsa. Sai agana ta shigo Kona ina rarrafe. Ta kwashi jarirai gida-gida, ni kuwa ta taɓa ni ta bari, ga tabonta nan a goshina har yau. Wata maƙwabciyarmu mai wabi, wadda ba ta taɓa yaye ɗa ba, ta zo ta durƙusa gaban Baba ta ce a ara mata sunan, ko Allah ya sa jaririyarta ta tsaya. Ta kuwa tsaya, ta yi ƙiba kamar tulu. Shi ke nan, magana ta fita cewa sunan yana da sa'a. Wadda ta yi aure wani gari ta tafi da shi cikin kayanta. Fatake suka ji suka kai wa matansu. Kafin in isa talla, ba kasuwar da za ka shiga ba ka ji shi ba, kuma kowane gari da irin nasa faɗin. Mutanen Tasawa suna lanƙwasa shi da yanga, wai su 'yan birni. Na wajen Mayahi suna datse masa jela. Fulani suna ƙara masa wani abu a gaba, har ka rantse sunan saniya ne. Kowa kuma ya tabbata nasa ne daidai.

Duk takwarar da aka yi mini a kusa, sai an aiko wa gidanmu da goro da ƙafar rago. Mutane suna yi wa Inna barka, tana amsawa da murmushi, ta shige madafa. Ni na ɗauka kunya ce. Ashe baƙin ciki ne. Alama ɗaya ta kafa don a same ta, ga shi an kafa irinta a kowace ƙofa, kuma ko ɗaya ba ta yi kama da ta asali ba.

Ni dai na tashi ina taƙama. Ina tafe ina jin ana cewa ga ta farkon nan. Abu ɗaya ne ke sosa mini rai: duk duniya tana kiran sunana ban da wadda ta haife ni. Wurin Inna ni ce "ke", ni ce "waccan", in ranta ya ɓaci kuma "mai kunnen ƙashi". Na san al'ada ce, na san duk ɗiyar fari haka ake yi mata. Amma in na ji ta kira ƙannena da sunayensu, muryarta ta yi laushi, sai kishi ya kama ni. Na sha yi mata tarko. In ɓuya bayan rumbu lokacin da ta fi bukatata, ko ta gaji ta kira. Sai ta aiko ƙanena ya jawo ni da kunne.

Akwai Gwaggo, yayar Baba, mai sayar da daddawa. Wurinta na fi zama, kamar yadda akan yi da 'ya'yan fari. Mace ce mai son a san da ita, in ana labari ba ta ciki sai ta nemi ƙofar shiga. Tun ina goye ta fara cewa ita ta zaɓa mini suna. Da sunan ya yi tashe sai labarin ya yi rassa: wai ta ji shi ne bakin wata baƙuwa mai alfarma da ta zo daga Katsina. Baba ya san ƙarya ce, amma wa zai ƙaryata yayarsa? Inna kuwa ko da wasa ba za ta buɗe baki a kan zancen sunan ba. Haka labarin Gwaggo ya zama shi ne gaskiya a Kona.

Shekarar da na fara ɗaura zane a ƙirji, bayan an gama girbi, ayarin Buzaye ya sauka ranar kasuwa. Ina zaune gefen Gwaggo ina jera daddawa a faifai, sai ga wani dogon mutum an rako shi. Ya naɗe fuska da rawani baƙi, idanu kawai ake gani, gefensu duk ya tattare don tsufa da rana. Wanda ya rako shi ya nuna ni ya ce, "To ga ta nan, ita anka fara sa ma."

Ya tsuguna ya gaishe da Gwaggo da Hausarsa mai nauyi. Ya ce shekaru yana bin sawun sunan nan. A wata kasuwa ta arewa suka fara jin an kira wata yarinya da shi. Ya tambayi uwar yarinyar inda ta samo, ta ce wajen ƙanwar mijinta a wani gari. Ya je can, aka tura shi gaba. Kowace kaka in sun sauko, sai ya ɗora daga inda ya tsaya, gida-gida, kamar mai bin raƙumin da ya ɓace. Wani wurin a ba shi ruwa, wani wurin a kore shi, don mi ya haɗa Buzu da sunan ɗiyar mutane. Na lura bai faɗi sunan ba ko sau ɗaya, sai dai ya nuna ni ya ce "irin na wagga".

"Uwar gida," ya ce, "ina kunka samo shi?"

Gwaggo ta gyara zama, ta ga taro ya fara haɗuwa. "Ni nas samo shi," ta ce. "Wata baƙuwa ce daga Katsina, ɗiyar manya, ita ta hwaɗa mini shi da bakinta. Ba sunan daji ba ne, malam, sunan birni ne."

"Ba wata tamu a gidanku? Ko wadda anka riƙa tun tana ƙarama?"

Gwaggo ta san akwai. Amma ga mutane, ga labarin da ta yi shekaru tana ginawa. Ta ce, "Mu duk Hausawa ne. Ka tahi Katsina ka tambaya."

Mutumin ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce wannan ce kakarsa ta ƙarshe a hanya, ƙafa ta gaji, Katsina kuwa ta yi masa nisa. Ya dafa ƙasa da hannun hagu ya miƙe, ya yi godiya, ya nufi inda ake ɗaure wa raƙuma kaya.

Da azahar Gwaggo ta aike ni gida in ɗauko wata ƙwaryar daddawa. Na tarar da Inna tana daka. Na fara ba ta labari don in ba ta dariya, har ina kwaikwayon Hausarsa. Ba ta ɗago ba, don zancen sunana ne, ba ta sa baki. Na ce, "Kuma Inna, hannunsa yatsa huɗu ne, da ya dafa ƙasa na gani. Ƙaramin babu."

Taɓarya ta tsaya a sama. "Wane hannu?"

"Na hagu."

Ta saki taɓaryar ta faɗi ta kifar da ƙwaryar tsaba, kaji suka yi caa a kai, ba ta ko duba ba. Ta fita. Babu mayafi, babu takalmi, hannuwanta fari fat da gari har gwiwa. Ni ban taɓa ganin Inna ta taka zaure ba tare da ta rufe kai ba, kasuwa kuwa ba wurin matan aure masu ƙuruciya ba ne a lokacin, sai tsofaffi da 'yan mata. Na bi ta a guje, na ɗauka iskoki ne suka taɓa ta.

Ta ratsa tsakiyar kasuwa, ta gaban mahauta, ta gaban masu tabarmi, ta gaban inuwar da Baba yake zaune da igiyoyinsa tare da dattawan gari. Mutane suna darewa suna bin ta da kallo. Da muka fita ɗaya gefen, ayarin ya riga ya tashi. Raƙuma sun yi layi a hanyar arewa, sun wuce babban gawon nan na bakin gari. Maza duk sun ba mu baya, duk rawani iri ɗaya, ba ka ce ga wannan ga wancan. Gudu ba zai cim musu ba. Ba ta da kalma ɗaya ta yarensu da za ta tsayar da su, kuma ko sunan wan nata ya ɓace mata tun tana yarinya.

Na ga ta tsaya, ta waiwaya ta dubi kasuwa. Surukanta suna nan, mijinta yana nan, liman yana nan. Sai ta juya, ta dafa ƙirji, ta ɗaga murya ta kira.

Ban san Inna tana da murya irin wannan ba. Abin da ya fito kuma ban taɓa jin sa ba. Gajere ne, ba jela, kuma a tsakiyarsa ga sautin nan mai kauri daga can cikin maƙogwaro, kamar ta yi shekaru tana ajiye shi a wurin. Ina tsaye dab da ita, ban motsa ba, don ban san ni ake kira ba. Sai da na ji wata tsohuwa a bayana tana salati tana cewa, "Ta hwaɗi sunan ɗiyar hwari," sannan na gane. 

Kasuwa ta yi tsit. Mahauci ya tsaya da wuƙa a hannu. Mata suka rufe baki da gefen zane, wasu suka sunkuyar da kai don kunyar da ita ba ta ji ba. Ko tsirara ta fito ba na jin za a kaɗu fiye da haka. Gwaggo ta iso tana haki, ta kama ta tana cewa, "Ke, mi ya same ki? Gaban surukanki?" Inna ta fizge hannunta, ta sake kira.

Can gaban gawo raƙumi ɗaya ya fita daga layi. Mai shi bai jira ya durƙusa ba, ya zamo ta wuyansa ya diro, ya taho yana sassarfa irin ta tsoho. Da ya iso ya tsaya nesa kaɗan, ya dube ta, ya faɗi wata kalma guda, a hankali, kamar mai tambaya. Inna ta durƙushe a ƙasa. Sunanta ne na gidansu. Ni ban ma san tana da wani suna ba bayan wanda ake kiranta da shi a Kona, Baba ma bai sani ba.

Ya yi mata magana da yarensu, ta girgiza kai. Ya koma Hausa. Ita kuwa ba ta tambaye shi lafiya ba, ba ta tambayi kowa ba. Ta kama hannun nan mai yatsa huɗu ta ce, "Kun dawo?"

"Mun dawo," ya ce. "Ciwo ya kama mu a hanya, kaka ta wuce mu. Da munka zo sai kufai, rijiya ta rushe. Ba wanda ya san inda kunka yi."

Ya ce tsohuwarsu ce ta fara jin sunan, a kasuwar Isawan, an kira wata 'yar yarinya. Duk da an tauye shi ta gane nata ne. Ta zauna a ƙasa ta ce ɗiyata tana da rai, ta haihu mace, tashi ka nemo ta. Ita ce ke tura shi kowace kaka. Da daminar da ta wuce ta rasu, shi ya sa shi ma bai iya furta sunan ba, don su ba sa kiran sunan mamaci. Saƙon da ta bari ɗaya ne: in ka same ta, ka ce mata mun koma.

Inna ba ta yi kururuwa ba. Ta kifa kai a gwiwa, kafaɗunta suna rawa. Ni dai ina tsaye kamar an dasa ni, ina duban matar da na ɗauka na sani.

Baba ne ya fara motsi. Ya taso daga cikin dattawa, kowa yana jiran ya ga abin da zai yi wa matar da ta kunyata shi gaban gari. Ya cire mayafin da ke kafaɗarsa ya miƙa wa Gwaggo ya ce, "Yaya, rufe mata kai." Sannan ya juya ga mutumin ya ba shi hannu ya ce, "Sauke kayanka, gida ka zo." Gwaggo ta rufe ta, kuma daga ranar ba a sake jin labarin baƙuwar Katsina ba.

Kawu ya kwana biyu wurinmu, ya bi ayari na gaba. Kona kuwa ta yi shekara tana zancen. Wasu suka ce Inna ta zubar da mutuncinta, wasu suka ce ai larura ce. Akwai matan da suka zo a ɓoye suna roƙon a koya musu faɗin sunan na gaskiya, don a gyara na 'ya'yansu. Wa zai koya musu? Kawu ba ya faɗa, Inna ta koma ta kulle bakinta. Ni da na ji da kunnena na yi ta gwadawa a daji in na je itace, har maƙogwarona ya yi zafi, abin bai fito ba. Harshena na Kona ne. Har yau da sunan sanƙira nake amsawa, ni da duk takwarorina.

Washegarin tafiyar Kawu da hantsi muna daka ni da Inna a turmi ɗaya. Na yi ta tattara ƙarfin hali, can na ce, "Inna, ki ƙara hwaɗi, ko sau guda, ba kowa a gidan."

Ba ta dube ni ba. Ta ci gaba da daka, ta sa hannu ta juya tsabar, ta kore kaza. Na ɗauka ta share ni kamar kullum, har na sunkuyar da kai don kada ta ga idona.

Sai na ji ta ce, ƙasa-ƙasa, tana kallon turmi, "Ke. An kira ki a kasuwa har sau biyu, kinka yi shiru."

Na riƙe taɓarya. Ita kuwa ta tsaya da daka, tana jira.

Na ce, "Na'am, Inna."